Juyo Ka Dube Ni, Inuwa

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Idi Tsawa makwancinsa a bayan ƙauyenmu, can yankin Kafin Dafga, ana tsakiyar yankan gero. Duk shekara idan gero ya nuna sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa, domin babu yadda zan ba da labarin Yaya Idi ban tona wa kaina asiri ba. Bana matarsa, Yaya Hanne, ta aiko mini cewa idan ina da abin faɗa in faɗa tun tana da rai, a karanta mata. Ta kuma ce alkawarin rufe baki da muka ɗauka ya isa haka nan, mai shi ya riga ya huta, ba wanda zai ƙara hana shi kiɗa. Saboda haka yau zan faɗa.

Sunana Inuwa. Ni ne mawaƙin ƙungiyar makaɗan noma da mutanen Karaye da Rogo suka sani da 'Yan Tsawa, kuma duk wanda ya haura hamsin a yankin nan ya taɓa jin mu, ko yana so ko ba ya so. Ba mu da sanyin hannu. Idi ya gaji gangar noma daga mahaifinsa, ya ga ba ta ishe shi ba, ya sa aka sassaƙa masa wadda ta fi ta girma, har mutane ke tsokanarsa wai rumbu ya rataya. Sai Buba, Bafulatanin Ruwan Bago, wanda ba ruwansa da fatar ganga sam. Bakin tsohuwar garma yake riƙewa ya yi ta dukan sa da guntun ƙarfe, ƙarar tana shiga har haƙori. Ga masu ƙananan ganguna biyu, ga 'yan amshi. Idan muna gayya a gonar wani, matan ƙauyen gaba da bugunmu suke daka. Tsofaffi na toshe kunne suna ce mana 'yan hayaniya, amma jikokinsu na jin mun taso sai su sungumi garma ko ba a gayyace su ba.

Idi ya girme ni da shekara bakwai. Shi ya ɗauko ni bayan na gama firamare, ya ji ina rera waƙa a gonarmu, ya je ya ce wa babana a ba shi aron muryar nan. Da yake ina rubuta waƙoƙina a littafi sai ya sa mini Ɗan boko, ni kuma ban taɓa kiran sa ba Yaya ba, har a lokacin da ba ma ga maciji. Ban taɓa ganin makaɗin da ke karanta mutane irinsa ba. Yana bayan manoma yana kallon ƙugunsu, idan ya ga sun fara sanyi sai ya sassauta kiɗan a hankali yadda ba za su lura ba, balle su ji kunya, in numfashinsu ya dawo ya sake matsa su. Ya san taken kowane manomi na kirki tun daga Kafin Dafga har Ruwan Bago, kuma raggo ko ɗan wane ne ba ya kaɗa masa take. Idan aka kawo mana abinci sai ya ga kowa ya sa hannu sannan ya wanke nasa. Hannunsa kuwa bai taɓa makara ba, bai taɓa riga ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya fitar da mu daga cikin sauran makaɗa shi ne abin da muke kira yanke. Kiɗa na tsaka da zafi, ganga na ruri, ƙarfen Buba na kuka, sai komai ya ɗauke ɗif a bugu ɗaya. A cikin wannan shiru ni kuma in kira sunan mai gona ko uban biki, da na ubansa, da na kakansa. Kafin in mayar da numfashi Idi ya sako ganga. Na ga dattawa masu furfura suna share hawaye don sun ji sunan mahaifinsu a cikin shirun nan. Saboda yanke ake kiran mu, kuma alamarsa a bakina take: in ja baitin ƙarshe da tsawo, in ce "to, a saurara", sai Idi ya ɗauke hannu. Haka dai na ɗauka. Kullum gefe da gefe muke tsayawa, ni a damansa, rabin fuskata na wajensa. Haka na tarar ana yi, ban kuwa taɓa tambayar dalili ba.

A wajen tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da kaset ya cika kasuwanninmu, wani Alhaji mai fataucin gyaɗa a Rogo ya ji daɗin yanken da muka yi masa, ya ba mu kyautar lasifika mai baki biyu, da batirin mota, da makirfo guda ɗaya tak. Makirfo ɗaya kuwa na mai waƙa ne. Wayarsa ba ta wuce taku uku ba, saboda haka dole in tsaya a gaba kusa da teburin na'urar. Ganga kuma idan ta matso sai lasifikar ta kama ƙara mai huda kunne, aka mayar da makaɗa baya. Ga ni a gaba ina fuskantar jama'a, ga Idi yana kallon ƙeyata. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wurin nan ƙwarai. Na ɗinka babbar riga mai aiki. Masu sayar da kaset suka fara rubuta "Inuwa da 'Yan Tsawa" a jikin kwali, ni da na iya karatu na gani, ban ce a gyara ba.

Ranar da abin ya fashe muna Rogo Ruma ne, bayan la'asar, a bikin ɗan wani babban manomi. Fili ya cika maƙil. Na ja baiti, na ce a saurara, na buɗe baki na kira sunan mahaifin uban biki, sai kawai ganga ta ci gaba da ruri ta bi ta kan sunan. Ba wanda ya ji shi. Na waiwaya na galla wa Idi harara, shi kuma ya ɗaga murya ya ce, "Juyo ka dube ni, Inuwa! Ka riƙa dubana!"

Na yi kamar ban ji ba. Na sake zagayowa karo na biyu, ya sake take sunan. Uban biki ya ɓata fuska, 'yan uwansa suka fara ƙus-ƙus. A karo na uku da haka ta sake faruwa sai idona ya rufe. Idi ya sake cewa in juyo in dube shi, ni kuwa da makirfo a bakina na ce, "Jama'a na gabana, kai kana bayana, wa zan duba? Ai ba ganga aka zo ji ba."

Maganar ta fita ta bakin lasifika biyu, har masu sayar da rake a bakin hanya sun ji. Fili ya kwashe da dariya, kowa ya juya yana kallon Idi. Ya bi fuskokin mutane da kallo, ya dubi Buba, ya ƙarasa kiɗan yadda ya kamata, sannan ya saɓa gangarsa ya kama hanyar gida a ƙasa, bai jira motar da ta kawo mu ba.

A wurina magana a fili take: hassada ce. Ya ga ƙaninsa ya yi gaba, yana so ya nuna wa duniya cewa sai da shi, shi ya sa yake so in juya wa jama'a baya in fuskance shi kamar mai gaisuwa a fada. Na kwashe lasifika da 'yan amshi biyu na koma Rogo da zama, na ɗauki wani makaɗi. Buba ya tsaya tare da Idi, suka koma kiɗan gayya kawai, ba mawaƙin kirki. Duka ɓangarorin biyu muka lalace. Sabon makaɗina yaron kirki ne, amma yankensa ba ya yanka komai, sai ka ji kiɗan na sulalewa kamar ana rufe ƙofa kada jariri ya farka. A lokacin ne kuma aka fara cewa Idi Tsawa ya cika girman kai, ana yi masa sallama a hanya ba ya amsawa. Da bakina na taya yaɗa wannan magana, kuma na ji daɗin yaɗa ta.

A shekara ta biyu, saura mako guda a kama azumi, na ji wani malami yana wa'azi a kan gaba tsakanin Musulmi, jikina ya yi sanyi. Na hau keke tun da hantsi na nufi ƙauyenmu. Bazara ce, ana sharar gona. Na tarar da shi shi kaɗai a duƙe yana tumɓuke tushiyar dawa, ya ba ni baya. Na tsaya kamar taku huɗu daga gare shi na yi sallama, bai amsa ba. Na ce a raina fushi ne, yana da gaskiya. Maimakon in zagaya gabansa sai na tsaya a inda nake, domin bayan mutum ya fi fuskarsa sauƙin roƙo. Na sassauta murya na faɗi duk abin da ke cikina. Na ce shi ya ɗauko ni ba ni da komai, na ce abin da na faɗa a Rogo Ruma ƙarya ne kuma butulci ne, na ce ya dubi Allah ya yafe mini. Har muryata ta karye. Shi kuwa ya ci gaba da tumɓuke tushiyarsa yana jefawa gefe, ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya har na gaji. Na hau kekena cike da baƙin ciki, na yi rantsuwar ba zan ƙara yi masa magana ba, rantsuwar da daga baya sai da na yi mata kaffara. Muka ƙara shekara biyu a haka.

Idan na ga yadda 'yan yanzu ke ba da haƙuri ta waya, su rubuta kalma uku su aika su koma harkarsu, nakan tuna kaina a gonar nan, sai in kasa yi musu dariya. Nakan kuma tambayi kaina me Yaya Idi zai ce da ya ga bukukuwan yau. Na san ƙarar ba za ta dame shi ba. Da ya ga akwatunan nan manya da ake jerawa a ƙofar gidan biki, zuwa zai yi ya dafa ɗaya da tafin hannu, ya ji tana girgiza, ya yi murmushi ya ce yaran nan sun san abin da suke yi. Abin da zai ɓata masa rai shi ne kiɗan ba ya tsayawa. Daga azahar har magariba ba a ɗauke hannu ko sau ɗaya, kuma na tabbata zai tambaya, to a ina ake kiran sunan uban mutum? Gayya ma ta yi ƙaranci, maganin feshi ya karɓe rabin aikin garma, saurayi ɗaya da tulun feshi a baya ya gama abin da dā sai an tara ƙauye. Ba na cewa an yi laifi, bayan mutane ya huta. Amma mutumin da ya iya karanta ƙugun manoma arba'in a lokaci ɗaya, ban san inda za a sa shi ba a yau.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne ranar kasuwar Karaye. Na makara sallar la'asar, na shiga wani ƙaramin masallaci na bakin kasuwa, na cusa kaina a gurbin da ya rage a sahun ƙarshe. Sai da na yi kabbara na lura da wanda ke hagu da ni, a jikin bango: Idi ne. Ba halin fita. Kafaɗata na manne da tasa, shekara huɗu rabon da mu tsaya haka. A raka'ar farko liman ya yi kabbarar ɗagowa daga sujada, kowa ya ɗago, Idi ya makara kaɗan. A ta biyu ma haka. Wani ba zai lura ba, amma ni na yi shekara goma sha biyar ina numfashi da hannun mutumin nan, na san bai taɓa makara ba. A raka'a ta uku, Allah ya yafe mini, na yi gwaji a cikin salla. Liman ya yi kabbara, na ƙi ɗagowa, na ƙirga uku a raina. Idi na nan a ƙasa tare da ni. Ina motsa kafaɗa ya ɗago. Ba muryar liman yake bi ba, kafaɗar na kusa da shi yake jira, don a sujada ba ya ganin kowa. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba.

A waje, yana neman takalminsa, na sha gabansa. Na motsa leɓuna na ce "Yaya Idi, ina wuni", amma ban fitar da sauti ba ko kaɗan. Ya ɗaure fuska ya ce, "Lafiya lau." Sai na sa hannun rigata na rufe bakina, na kira sunansa da ƙarfi har masu wucewa suka waiwayo. Ya tsaya yana kallona kawai. Da ya gane abin da na yi sai ya damƙi wuyan hannuna ya ja ni bayan rumfunan masu hatsi, inda ba mutane.

"Wa ka gaya wa?"

"Yanzu na sani, Yaya. Tun yaushe?"

"Buɗe bakinka sosai, kada ka yi sauri." Na maimaita. Ya ce, "Na hagu ya mutu tun kafin a kawo lasifikar nan taka. Na dama sai ƙara kamar ƙudan zuma. Gangar ma a ƙirji nake jin ta."

"To yanke fa? Duk shekarun nan?"

"Haɓarka nake kallo. In za ka ce a saurara kana ɗaga haɓa. Tun kana yaro kake yi, kai ba ka sani ba."

Na zauna a kan wani buhu. Na ce don me bai gaya mini ba. Ya ce, "Na gaya maka, na ce ka juyo ka dube ni. Sau nawa zan faɗa?" Na ce ai wannan ba gaya wa mutum ba ne. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, wa zai kira kurma ya yi masa kiɗa? Gara a ce ina da girman kai. Mai girman kai ana kiran sa biki."

Ashe ranar Rogo Ruma ko maganar da na yaɓa masa bai ji ba. Dariyar mutane kawai ya gani, suna kallon sa, bai san me aka ce ba. Sai da ya tsare Buba washegari ya sa shi ya maimaita masa kalma bayan kalma, daga nan Buba ya gane, aka sa shi ya yi alkawarin yin shiru. Buba da Yaya Hanne kaɗai suka sani. Da na tuhumi Buba daga baya cewa ya ga muna hallaka ya ƙyale mu, sai ya ce, "Yo ni na ɗauka ka gane da kanka, ai kai ne mai littafi."

Kafin mu rabu a bayan rumfunan nan na gaya wa Idi cewa na taɓa zuwa gonarsa gab da azumi na yi masa magana. Ya ce, "Me ka ce?" A nan ne ya kamata in durƙusa in maimaita. Amma girman kai ba ya fita daga jikin mutum rana ɗaya. Na ga ai yanzu laifin ya rabu biyu, shi ma yana da nasa, don me zan sake zubar da hawaye? Na ce, "Ya wuce, Yaya." Ya ce, "Ni dai ban ji ba."

Mun koma tare a daminar nan. Wani mai gyaran rediyo a Karaye ya ƙara wa makirfo waya mai tsawo, na koma tsayawa a daman Idi, rabin fuskata na wajensa, lasifika kuma muka kai ta can nesa. Abu na farko da ya ce a yi shi ne mu koma wurin manomin nan na Rogo Ruma. Ya ce mun take sunan mahaifinsa sau uku a gaban jama'a, sai mun ɗaga shi sau uku a gaban jama'a. Muka je gayyarsa ba tare da an kira mu ba. Da na ɗaga haɓa, ganga da ƙarfe suka ɗauke a bugu ɗaya, har kukan kurciya ake ji daga kan wata ɗorawa. Na kira sunan. Sau uku muka yi haka, a na ukun mutumin ya ajiye garmarsa ya rufe fuska da hula.

Shekara takwas muka ƙara yi, kuma su ne mafi daɗin shekarunmu. Ba wanda ya gane. Idan baƙo ya yi wa Idi magana daga gefe sai ni ko Buba mu maimaita kamar muna jaddadawa, muna fuskantar sa. A masallaci kullum ɗayanmu na kusa da kafaɗarsa. Abin dariyar shi ne mutane suka yi ta yabona, wai dubi Inuwa, duk sunan da ya yi amma ba ya waƙa sai yana fuskantar yayansa, wannan shi ne ladabi. Na karɓi yabon nan, Idi kuwa idan Buba ya gaya masa sai ya yi dariya har da tari. Amma bai manta ba. Lokaci-lokaci, muna cin abinci ko muna jiran mota, sai ya ce, "Inuwa, ina saƙona na gona?" In ce, "Iska ta tafi da shi, Yaya." Mu yi dariya. Ni na san ba wasa yake yi ba, shi ma ya san na sani.

Ciwo ya kama shi a farkon wata damina, ƙafafu suka kumbura. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi. Ranar da na je duba shi na ƙarshe da hantsi ne, an shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, Yaya Hanne na yi masa fifita. Ta dube ni ta ce, "Inuwa, yayanka ya tambaye ka sau biyu tun safe." Sannan ta tashi ta shiga ciki. Ya rame sosai, amma idanun nan masu karanta mutane suna nan yadda suke. Bai tambayi saƙonsa ba. Rashin tambayar ne ya tsorata ni.

Na durƙusa a gabansa daidai inda haske ke faɗa wa fuskata. Na buɗe baki sosai na faɗa masa duk abin da na faɗa wa bayansa shekara goma da suka wuce, cewa shi ya ɗauko ni, cewa na yi masa butulci a gaban mutane, cewa ya dubi Allah ya yafe mini. Yana kallon leɓuna har na gama. Ya ce, "Ka yi sauri. Sake."

Na sake, a hankali. Ya ce, "Hawaye na lanƙwasa maka baki. Sake."

Na share fuska na faɗa karo na uku. Sai ya yi murmushi ya ce, "Tun na farko na gane. Daɗinsa nake ji." Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. "Na yafe tun a Karaye. Ni ma ka yafe mini, Ɗan boko. Da na buɗe baki na kira abin da sunansa, da ba mu zubar da shekara huɗu ba." Bayan kwana tara ya rasu.

Me ya rage na Idi Tsawa a yau? Gangar tana rataye a zauren gidansa, fatar ta tsage, 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi, kuma ban ga laifinsu ba. Buba ya bi shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kaset ɗinmu ɗaya ne ya rage a hannuna, sunana ne a jikin kwalin, kuma duk lokacin da na gani sai kunya ta kama ni. Amma har yanzu idan na shiga kasuwar Rogo sai wani mai furfura ya tare ni ya ce a wurinmu ya ji sunan mahaifinsa a cikin shiru, bai manta ba. Ina so su sani yau cewa wanda ya yi musu shirun nan ya daɗe ba ya jin sunan da ake kira a cikinsa. Shekara da shekaru yana ɗauke hannu daidai, don wasu su ji abin da shi ba zai ji ba. Ban san wani makaɗi da ya kai shi ba. Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya yafe masa girman kansa, ya yafe mini nawa da ya fi nasa muni, ya sa ya ji kira mai daɗi ranar da za a kira kowa da sunansa.

Bana ni ma kunnena na hagu ya fara ƙarar ƙudan zuman nan. Ban kwana da shi a ciki ba. Ranar da na tabbatar, na tara matata da 'ya'yana da surukaina a tsakar gida, na ce musu kunnena yana mutuwa, na faɗa da sunansa yadda ba wanda zai ɗauka fushi nake ko isa. Na ce daga yau duk mai magana da ni kada ya tsaya a bayana, ko da haƙuri ya zo bayarwa. Ya juyo ya dube ni.